Kunne Ne Alƙali: Yadda Ake Zaɓe da Gyara Sauti a Allon Kiɗa na Lantarki

Gabatarwa

Duk mai kallon makaɗan zamani, a dandali ko a talabijin, zai iya lura da wani ɗan baƙin allo mai faɗin faranti da ake kafawa a gefen mai ganga. An raba fuskarsa gida-gida, kowane gida an lulluɓe shi da roba. Idan makaɗi ya doki gida ɗaya sai a ji tafi, ya doki na kusa da shi a ji ƙararrawa, ya doki na uku a ji babbar ganga, alhali kuwa babu fata ko itace a jikin abin. Wannan shi ne allon kiɗa na lantarki. Sautukan da ke cikinsa daga kayan kiɗa na gaske aka ɗauko su, aka mayar da su lambobi, aka adana. Kowane gutsuren sauti da aka adana ta wannan hanya, masu sana'ar suna kiransa samfur.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ilimin halittu da kayan makaɗa. Amsar ita ce, kusan dukkan ƙa'idojin da ake bi wajen zaɓen samfur da gyara shi daga ƙirar kunnen ɗan'adam suka samo asali. Na'ura lambobi kawai take riƙewa. Kunne da ƙwaƙwalwa su ne ke yanke hukunci ko abin da aka ji ganga ce ko kuwa ƙarar banza. Saboda haka da kunne za mu fara.

Yadda Kunne Yake Karɓar Sauti

Sauti kaɗawa ce da ke ratsa iska. Idan aka bugi fatar ganga, sai ta riƙa kai da komo da sauri, tana matsa iskar da ke gabanta tana sakinta, wannan matsi kuma ya bazu da gudun kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Yawan kaɗawar da ake yi a sakan ɗaya ana auna shi da haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kimanin haz 20, wato mafi kauri, zuwa haz 20,000, wato mafi siranta.

Kaɗawar iska tana bin ramin kunne, mai tsawon kusan santimita 2.5, ta girgiza dodon kunne. Daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa uku suke miƙa girgizar zuwa wani naɗaɗɗen bututu mai cike da ruwa, wanda saboda siffarsa ake kiransa katantanwar kunne. Da za a warware ta, tsawonta bai wuce milimita 35 ba. A cikinta akwai wani siririn tantani da ƙwayoyin halitta masu gashi suke jere a kansa: kimanin 3,500 a layin ciki, waɗanda ke aika saƙo ga jijiyar ji, da kimanin 12,000 a layukan waje, waɗanda ke ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi.

Wani masani ɗan asalin ƙasar Hangari, Georg von Békésy, ya nuna cewa kowane sauti yana da inda yake fi girgiza wannan tantani. Siririn sauti yana tsayawa kusa da bakin katantanwa, mai kauri kuwa sai ya kai can ƙurya. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Ma'anar wannan ita ce, kunne yana rarraba kowane bugu zuwa sassansa tun kafin saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin za mu sake komowa kansa.

Daga Bugu Zuwa Lambobi

Makirfo yana mayar da kaɗawar iska ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka. Na'urar ɗaukar samfur tana auna ƙarfin wannan wuta sau dubbai a sakan ɗaya, tana rubuta kowane awo da lamba. To, sau nawa ya kamata a auna? Lissafin da Harry Nyquist ya aza harsashinsa a 1928, Claude Shannon kuma ya tabbatar a 1949, ya nuna cewa dole yawan awo ya zarce ninki biyu na sauti mafi siranta da ake son riƙewa. Tun da kunne yana tsayawa a haz 20,000, ana bukatar awo fiye da 40,000 a sakan. Shi ya sa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, yake amfani da awo 44,100 a sakan. Ashe ke nan iyakar jin ɗan'adam ce ta tsayar da wannan adadi.

Abu na biyu shi ne zurfin awo. Idan aka rubuta kowane awo da bit 8, matakai 256 kawai ake da su tsakanin can ƙasa da can sama. Idan bit 16 ne, matakan sun kai 65,536, kuma sauti mai laushi yana fitowa tas ba tare da ƙazantar shuuu ba. Amma inganci yana cin wuri. Sakan ɗaya na sauti mai bit 16 yana cin bayit 88,200, minti ɗaya kuma na ɓangarori biyu, hagu da dama, ya haura bayit miliyan 10.

A farkon zamanin waɗannan na'urori wurin ajiya yana da tsadar gaske. Fairlight CMI, wadda aka ƙera a Ostareliya a 1979, tana cikin na farko da suka ba mawaƙa damar ɗaukar sauti su kaɗa shi. A 1980 Roger Linn na Amurka ya fitar da LM-1, na'urar ganga mai amfani da samfur na bit 8. Bai sa mata sautin manyan farantan ƙarfe da ake bugawa a jerin gangunan Turawa ba, domin amonsu yana daɗewa, kuma ajiye shi zai ci kuɗi da yawa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da Octapad a 1985, allo mai gida takwas wanda ba shi da sautin kansa sai dai ya umarci wata na'ura. A 2003 ya fitar da SPD-S, wanda makaɗi zai iya ɗaukar nasa sautin ya zuba a ciki, sa'an nan SPD-SX mai gida tara ya biyo baya a 2011. A yau wurin ajiya ya yi araha, saboda haka wahalar ta tashi daga neman wuri ta koma kan iya zaɓe.

Abin da ke Ƙarƙashin Roba

A ƙarƙashin robar allon akan manna wani ɗan siririn faifai mai suna fiyezo. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli waɗanda ke fitar da wutar lantarki idan aka matsa su. Ɗaliban ilimin halittu za su so sanin cewa a 1957 masana biyu a Japan, Fukada da Yasuda, sun nuna cewa busasshen ƙashi ma yana da wannan ɗabi'a.

Idan sanda ta sauka a kan roba, fiyezo yana fitar da wuta daidai da ƙarfin dukan. Na'ura tana auna ƙololuwar wutar cikin 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ta mayar da ita lamba daga 1 zuwa 127 bisa tsarin MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983. Da wannan lamba ce take sanin irin ƙarfin da za ta saki samfur. Mai allo yana iya tsayar da mafi ƙarancin dukan da za a amsa, domin kada girgizar gidan da aka doka ta ta da na maƙwabcinsa.

Zaɓen Sauti

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya saurari kowane samfur shi kaɗai, ya ɗauki wanda ya fi cika kunne. Da an haɗa shi da sauran kayan kiɗa sai ya ɓace, ko kuma ya danne muryar mawaƙi. Dalilin yana cikin katantanwa. Idan sautuka biyu suka girgiza wuri ɗaya a kan tantanin nan, mai ƙarfin yana rufe mai raunin. Wegel da Lane sun auna wannan a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka a 1924, suka kuma nuna cewa sauti mai kauri ya fi iya rufe siriri, a kan yadda siriri yake rufe mai kauri. Wannan ya dace da abin da Békésy ya gano daga baya, domin sauti mai kauri sai ya ratsa wurin sirara kafin ya kai ƙurya. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce a zaɓi samfur ana sauraronsa tare da sauran kiɗan, a kuma ba kowane gida nasa matsayi: wannan mai kauri, wancan matsakaici, na uku siriri.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi ƙarfin murya. A 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. Ya fi kaifi tsakanin kimanin haz 2,000 zuwa 5,000, kuma ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautukan da ke kusa da haz 3,000 amo. Idan aka rage murya, sautuka masu kauri su ne ke fara ɓacewa. Saboda haka gangar da ta yi daɗi da daddare a cikin abin sauraro na kunne tana iya yin rugugin da ya wuce kima idan aka sa ta a manyan lasifikoki. Ya kamata a gwada samfur da irin ƙarfin da za a kaɗa shi a gaban jama'a, amma na ɗan lokaci kaɗan, saboda dalilin da za mu gani a gaba.

Ƙa'ida ta uku ita ce tsabta. Samfur da aka ɗauka a ɗaki mai amsa-kuwwa yana tafe da ɗakin a jikinsa, kuma cire shi yana da wuya. Wanda aka ɗauka a busasshen wuri ana iya ƙara masa amsa-kuwwa daga baya gwargwadon bukata. Haka kuma, wanda zai ɗauki bugun wani makaɗi ya wajaba ya nemi izininsa, su daidaita a kan ladansa, domin hannunsa ne zai ci gaba da yin aiki a cikin allon.

Kai, Jiki da Wutsiya

Idan aka zana bugun ganga a fuskar kwamfuta, za a ga yana da sassa uku. Akwai kai, wato ɗan tsinin da ke tashi farat ɗaya lokacin da sanda ta taɓa fata. Akwai jiki, inda fata take kaɗawa da cikakken amo. Sa'an nan akwai wutsiya, inda amon ke sirancewa har ya mutu. Gyaran samfur, a taƙaice, shi ne sanin abin da za a yi wa kowane sashe.

Kai shi ne mafi gajarta, amma shi ne mafi daraja. A ƙarshen shekarun 1940, wani injiniyan gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya lura cewa idan aka cire farkon bugun ƙararrawa daga sautin da aka ɗauka, abin da ya rage sai ya yi kama da na abin busa. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa mutane suna shan wahalar gane kayan kiɗa da yawa idan aka yanke musu kai. Ƙwaƙwalwa tana dogara ƙwarai da waɗannan 'yan milisakan na farko wajen sanin abin da ya yi ƙara, da kuma ta inda ƙarar ta fito. Ga dabbar da ke daji, saurin gane karyewar kara a bayanta shi ne bambancin tsira da halaka.

Saboda haka aikin farko na mai gyara shi ne tsayar da mafarin samfur. Idan ya shiga cikin kai ya yanke, ganga ta rasa kamanninta. Idan kuma ya bar shiru a gabansa, sauti zai riƙa makara bayan dukan. Shirun milisakan 10 awo 441 ne kacal, amma daidai yake da a matsar da ganga mita 3.4 daga kunnen mai bugunta, kuma gogaggen makaɗi yana iya jin irin wannan jinkiri a hannunsa. Hanyar da ta dace ita ce a faɗaɗa zanen a fuskar na'ura, a sa alamar mafari dab da inda tsinin ya soma tashi.

Akwai kuma batun inda za a sa wuƙa. Zanen sauti yana hawa sama da layin tsakiya yana sauka ƙasa da shi. Idan aka yanke a inda zanen yake can sama, lasifika za ta yi tsalle farat ɗaya, kunne kuma ya ji wani ƙas. Irin wannan tsalle yana ɗauke da sautuka iri-iri a lokaci guda, don haka yana girgiza tantanin katantanwa a wurare da yawa, ba ya ɓoyuwa. Maganinsa shi ne a yanke a daidai inda zanen ya ratsa layin tsakiya, ko kuma a sa sautin ya dusashe a hankali cikin 'yan milisakan. Wannan ya fi zama dole ga samfur da za a riƙa maimaitawa kamar zobe, inda wutsiya ke komowa ta haɗu da kai.

Wutsiya kuwa ita ke shaida wa mai sauraro girman ganga da faɗin wurin da aka buga ta. Idan aka datse ta da wuri, sautin zai zama kamar an toshe masa baki. Idan aka bar ta da tsawo a kiɗa mai sauri, wutsiyar bugun farko za ta rufe kan na biyu. Shi ya sa allunan suke ba da zaɓi: ko sabon bugu ya kashe tsohon, ko su hau kan juna. Ana ma iya haɗa gidaje biyu a rukuni ɗaya, ta yadda dukan ɗaya zai yi wa ɗayan shiru, kamar yadda makaɗi ke dafe fata da tafin hannu.

Sauya Kauri da Maimaici

Hanya mafi sauƙi ta sauya kaurin samfur ita ce sauya saurin karanta lambobinsa. Idan aka ninka saurin, yawan kaɗawa ya ninka, sauti ya sirance, tsawonsa kuma ya ragu da rabi. Sauyi kaɗan ba ya ɓata komai. Sauyi mai yawa kuwa yana matse kai da wutsiya tare, sai babbar ganga ta koma kamar gwangwani. Na'urorin yanzu suna iya sauya kauri ba tare da taɓa tsawo ba, amma sau da yawa kai ne ke dusashewa a wannan aiki.

Wata matsalar ita ce maimaici. Ganga ta gaske ba ta yin sauti iri ɗaya sau biyu. Duka mai ƙarfi yana fito da sirarun sautuka da yawa, yana kuma ɗame fatar na ɗan lokaci, ta yadda amon zai fara da ɗan tashi sa'an nan ya sauko. Idan samfur ɗaya ne ake ta maimaitawa, ƙara masa murya kawai ba ya kwaikwayon wannan, kuma ƙwaƙwalwa tana da saurin gane abin da ke maimaita kansa ba sauyi. Masu sana'ar suna kwatanta irin wannan sauti da harbin bindiga mai sarrafa kanta. Ana rage shi ta hanyar ɗaukar bugu mai laushi da mai ƙarfi dabam-dabam, a ɗora su a gida ɗaya, a umarci na'ura ta zaɓa bisa lambar ƙarfin duka, alal misali ƙasa da 80 mai laushi, sama da haka mai ƙarfi. Waɗansu na'urorin kuma suna juya samfur uku ko huɗu bi da bi.

Darasi Daga Kalangu

Babu kayan kiɗan da ya fi kalangu nuna iyakar samfur. Makaɗi yana matse igiyoyin da suka haɗa bakunansa biyu a ƙarƙashin hammata, fatar ta ɗame, amon ya tashi. Ya saki, amon ya sauka. Da haka kalangu ke bin karin sautin Hausa, wato hawa da saukar muryar da ke raba kukan yaro da kukar miya. Wanda ya saurari amshin kalangu a waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san cewa amon yakan lanƙwasa bayan sanda ta riga ta bar fata.

Samfur ɗaya yana daskarar da matsi ɗaya ne kawai. Mai son sa kalangu a allo sai ya ɗauki aƙalla amon sama, da na ƙasa, da mai tashi, da mai faɗuwa, ya rarraba su a gidaje huɗu, ya kuma kiyaye wutsiyar kowanne, domin a cikinta lanƙwasar take. Da wannan zai iya riƙe kari, ya kuma kawo ƙamshin kalangu cikin waƙa. Amma tsakanin sama da ƙasa akwai matakai marasa iyaka da hammatar makaɗi ke bi gwargwadon maganar mawaƙi, kuma kunnen Bahaushe, wanda ya tashi yana rarrabe kalmomi da karin sauti, ba shi da wuyar gane inda allo ya gaza.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna muhimmancin kan sauti da wayar hannu da kwamfuta mai manhajar gyaran sauti irin su Audacity, wadda kyauta ce. A ɗauki bugun ƙararrawar makaranta, da na kwalba, da na ƙwarya. A yi kwafi biyu na kowanne, a yanke milisakan 50 zuwa 100 na farkon kwafi ɗaya, a sa farkonsa ya taso a hankali. A cakuɗa su, a kunna wa ɗalibai ba tare da sun ga fuskar kwamfuta ba, kowa ya rubuta abin da yake zaton ya ji. A ƙirga amsoshin da suka yi daidai a kowane rukuni, a zana jadawali. A cikin darasi ɗaya ɗalibai sun yi hasashe, sun gwada, sun kuma ƙirga, wanda shi ne tafarkin kimiyya.

Kammalawa

Mun ga cewa yawan awo, da zaɓen samfur, da inda ake yankewa, da yawan samfur da ake ɗorawa a gida ɗaya, duk kunne ne ya shata musu iyaka. Saura gargaɗi ɗaya. Mai gyaran sauti yakan shafe sa'o'i yana maimaita bugu ɗaya a cikin kunnensa, kuma da kunne ya gaji sai hannu ya kai ga ƙara murya. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce sa'a 8 a rana a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: desibel 88 sa'a 4, desibel 94 sa'a 1, desibel 100 kuwa minti 15 kacal. A 1988 masu bincike suka nuna cewa tsuntsaye suna sake tsiro da ƙwayoyin gashin kunnensu bayan ƙara ta lalata su. Ɗan'adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba su da wannan baiwa. Ƙwayar da ta mutu ta tafi ke nan. Yawanci jin sirarun sautuka ne ke fara raunana, wato waɗanda ke ba kan bugu kaifinsa. Don haka ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a ya riƙa aiki da matsakaiciyar murya, yana hutar da kunnensa lokaci-lokaci, idan kuma ya fara jin ƙugi a kunne bayan aiki, ya sani cewa ya wuce gona da iri, ya nemi likita idan abin ya ƙi wucewa.